Alkawarin shekara 12, kuɗin shekara ɗaya: wa ke nemo wa yaran Lakota abin riƙo?

A garin Rapid City, cikin jahar Dakota ta Kudu a Amurka, akwai wata ƙungiya mai zaman kanta da aka buɗe a 2022, sunanta Friends of the Children – He Sapa. Reshe ce ta wata uwar ƙungiya da wani ɗan kasuwa mai suna Duncan Campbell ya kafa a birnin Portland a 1993. Aikinsu da sauƙin faɗi. Su ɗauki yaro ɗan shekara 4 zuwa 6 wanda duniya ta riga ta yi wa nauyi, su haɗa shi da babba guda wanda ake biya albashi don wannan aikin kaɗai, sannan su yi alkawarin ba za a saki hannun yaron ba har ya gama lise, shekara 12 ko fiye. Kowane babba yana riƙe da yara kamar 8, kowane yaro yana samun awa 3 zuwa 4 a sati. Reshen Rapid City ya ɗora aikinsa bisa tarbiyyar Lakota, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar. He Sapa kuwa shi ne sunan da Lakota ke kiran Baƙaƙen Duwatsu, wurin da suka ɗauka da tsarki.

Wanda nake son mu yi magana a kansa yau shi ne mutumin da ba ya fita a hoto, wato shugaban sashen neman kuɗi. A ganina, a ƙungiya irin wannan, shi ke riƙe da abu biyu mafi tsada: alkawarin da aka yi wa yaro, da mutuncin yaron.

Mu fara da alkawarin. Hausawa suka ce alkawari kaya ne, to wannan kayan ana auna shi da albashi. Ka ce wa uwa za ka tsaya wa ɗanta shekara 12, ma'anarsa ka ɗauki nauyin albashin mutum na wata 144, da man mota, da hayar biro, da inshorar lahiya. Su kuwa gidauniyoyin da ke ba da tallafi, galibinsu shekara ɗaya suke sa hannu, wani lokaci biyu ko uku, kuma kuɗin a ɗaure yake da furoje: wannan na sayen kwamfuta ne, wancan na taron bita ne, kada a taɓa su don albashi. Duk wanda ya taɓa zama a ONG ya san wannan waƙar. Ga shi kuma rabon da ke isa ga ƴan asalin Amurka bai taka kara ya karya ba. Wani bincike da ƙungiyar Native Americans in Philanthropy ta fitar tare da Candid a 2019 ya nuna cewa daga 2002 zuwa 2016, kashi 0.4 cikin ɗari ne kawai na kyautar manyan gidauniyoyin Amurka ya nufi al'ummominsu. Dala 4 kenan cikin kowace dubu (dalar Amurka nake nufi, ba tamu mai faran biyar ba). Akan samu ranar sa'a, kamar a 2022 da attajira MacKenzie Scott ta ba Friends of the Children dala miliyon 44. Amma ba a tsara rayuwar yaro bisa fatan wata attajira za ta tuna da kai.

To idan kuɗi ya yi wuya haka, akwai gajeriyar hanya, kuma tana biya. A 2014 tashar CNN ta yi bincike kan St. Joseph's Indian School, wata lakwal ta kwana ta ƴan mishan da ke garin Chamberlain, a jahar guda, mai yara Lakota wajen 200. Lakwal ɗin tana aika wasiƙun neman taimako kusan miliyon 30 a shekara zuwa gidajen Amurkawa, ta tara kusan dala miliyon 51 a shekara guda. Cikin wasiƙun akwai ta wani yaro wai shi Josh Little Bear, yana ba da labarin uba mashayi mai dukansa da uwar da ta zaɓi ƙwaya ta bar shi. Da aka bi sawu, babu wani yaro mai wannan suna. Shugabannin lakwal ɗin suka ce an sake sunan ne don kare yara, labarin kuma haɗin gambizar abubuwan da suka faru ne da yara daban-daban. Wataƙila haka ne. Amma ku lissafa: gida miliyoyi sun buɗe ambulan, abin da suka koya game da iyayen Lakota shi ne giya da duka. An ciyar da yara 200, an zubar da mutuncin al'umma sukutum.

Kada a ce ina musun wahalar. Tana nan, ta fi ƙarfin a ɓoye ta. Gundumar Oglala Lakota, inda keɓaɓɓen yankin Pine Ridge yake, tana cikin mafiya talauci a Amurka, kuma wani bincike na 2017 ya same ta da mafi gajeren tsawon rai a ƙasar baki ɗaya, shekara 66.8. A 2015 shugaban al'ummar Oglala ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda yawan samari da ƴan mata masu kashe kansu. Binciken gidan rediyon NPR na 2011 ya nuna yaran ƴan asali ba su kai kashi 15 cikin ɗari na yaran jahar ba, amma sun haura rabin waɗanda hukuma ta raba da iyayensu ta ba wasu riƙo. Mai neman kuɗi dole ya faɗi waɗannan lambobi, in ba haka ba wa zai fahimci dalilin aikin? Tambayar ita ce a bakin wa za a sa su, da hoton wa, kuma me mai karatu zai tafi da shi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ya yi wayo a 2005 ya tuna yadda hotunan yaran Maraɗi suka zagaya duniya, ya kuma san tsawon lokacin da sunan ƙasa ke ɗauka kafin ya fita daga inuwar irin wannan hoto.

Ga Lakota akwai wani dalili na daban da ya sa abin ya fi zafi. A 1879 wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, ya buɗe lakwal ta kwana a Carlisle, can jahar Pennsylvania, kuma yaran farko da ya kwaso daga Rosebud da Pine Ridge suka fito. Manufarsa ba a ɓoye take ba: a kashe asalin yaron a bar gangar jikinsa. A aske masa gashi, a sake masa suna, a hana shi harshen uwarsa. Kun san da me ya riƙa tallata aikin ga gomnati da masu hannu da shuni? Da hotuna biyu-biyu: ga yaro ranar da ya iso da doguwar suma da bargo, ga shi bayan wani lokaci cikin kayan Turawa. Wasu yaran ba su koma gida ba. Sai a 2021 aka mayar wa mutanen Rosebud ƙasusuwan yaransu 9 daga maƙabartar lakwal ɗin. Saboda haka duk takardar neman kuɗi mai cewa "dubi yadda muka same shi, dubi yadda muka gyara shi", kaka ƴar Lakota ta san kakan wannan takarda. A harshensu ana ce wa yara wakanyeja, kalmar da ke ɗauke da ma'anar abu mai tsarki. Ƙungiyar da ta rubuta wannan kalma a bangon biro ba ta da bakin da za ta sa hawayen yaro a kasuwa.

To da me zai nemi kuɗin, in an hana shi tausayi? Nan ne nake ganin tarbiyyar Lakota ta ba shi abin da makarantun koyon talla ba su da shi. Cikin halayen da suka fi girmamawa akwai jarumta, da juriya, da hikima, da wacantognaka, wato kyauta. A wurinsu girman mutum yana cikin abin da ya rabar. Idan an yi suna, ko wani ya samu ɗaukaka, ko an cika shekara da rasuwa, iyali kan tara barguna da dawakai da kayan gida su raba wa jama'a, wani lokaci har su koma ba su da komai. Abin ya dami hukumar Amurka har ta sa irin wannan rabo cikin laifuffukan da dokar 1883 ta haramta wa ƴan asali, tare da raye-rayensu na ibada. Sarkin yaƙinsu Tatanka Iyotake, wanda Turawa ke kira Sitting Bull, da ya yi yawon wasa da Buffalo Bill a 1885, an shaide shi da rabar da kuɗin da yake samu ga yaran titi na biranen Turawa, yana mamakin yadda masu wannan dukiya ke barin ƴaƴansu da yunwa. Billy Mills, maraya daga Pine Ridge wanda ya ci zinari a tseren mita 10,000 a wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, da ya tashi yin nasa rabon godiyar, sai ya haɗa kai da wani suka kafa Running Strong for American Indian Youth a 1986.

Mutumin da ya fito daga wannan gida, in ya zauna gaban attajiri, ba bara ya zo yi ba. Gayyata ya kawo: ga rabo ana yi, zo ka sa naka, ka zama dangi. Dangi kuwa ba ya ba da kuɗin wata 12 ya ɓace, kuma ba ya cewa sai an nuna masa tabon yaro kafin ya sa hannu a aljihu. Akwai waɗanda suka daɗe a kan wannan hanya. Cheyenne River Youth Project, wadda Julie Garreau ta fara a 1988 cikin wata tsohuwar mashaya a garin Eagle Butte, yau tana da cibiyar samari, da lambu, da wurin sayar da abinci inda matasa ke koyon aiki, da bikin zanen bango na shekara-shekara mai suna RedCan. Abin da take nuna wa masu ba ta kuɗi kenan: yara na shuka, suna zane, suna karɓar ladan aikinsu. Shin tana tara miliyon 51 a shekara? Ko kusa. Amma ta haura shekara 30 ƙofarta a buɗe, yaranta kuma suna iya ganin takardunta ba tare da sun sunkuyar da kai ba.

Saura abu mafi wuya, wato ƙin karɓa. A 1868 gomnatin Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie, ta amince Baƙaƙen Duwatsu na Lakota ne da ƴan uwansu. A 1874 aka ga zinari, a 1877 aka ƙwace duwatsun. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce ƙwacen ya saɓa doka, ta yanke diyya sama da dala miliyon 100. Suka ce ba su karɓa, ƙasar ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin yana nan ajiye yana haihuwa, an ƙiyasta ya wuce miliyar ɗaya, mutanen da ke cikin mafiya talauci a Amurka suna kallonsa. Ƙungiyar da ta sa He Sapa a sunanta ta gaji wannan tsayuwa, ko ta so ko ba ta so ba. A ce gobe kamfanin haƙar zinari da ke neman izini a duwatsun, ko kamfanin bututun mai irin wanda aka yi wa zaman dirshan a Standing Rock a 2016, ya turo cek mai kauri, yana son kawai a sa tambarinsa a rigar yara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Faɗin "a mayar musu da abinsu" da sauƙi daga Zinder ko Yamai. Wanda ke zaune a kujerar ya san cek ɗin albashin mutum biyu ne, mutum biyun kuma yara 16 ne. Don haka nake ganin zalunci ne a bar wa mutum guda wannan hukunci, sannan a ƙarshen shekara a auna shi da jimillar abin da ya shigo. In aka auna shi da jimilla kaɗai, wallahi wata rana zai rubuta nasa Josh Little Bear, ko ya karɓi cek ɗin, ba don mugun hali ba, don abin da aka ce ya kawo kenan. Kamata ya yi kwamitin gudanarwa, da dattawa da iyayen yaran a ciki, su rubuta tun kafin a shiga matsi: ga kuɗin da ba mu karɓa, ga irin hoton da ba ya fita, ga wanda ke ba da izini kafin a ba da labarin yaro, kuma yaron kansa in ya girma yana iya cewa a sauke. Sannan a tambayi shugaban neman kuɗi abin da ya dace da alkawarin. Kashi nawa na abin da ka kawo ba a ɗaure yake ba, ana iya biyan albashi da shi? Masu ba da tallafi nawa ne suka sa hannu na shekara 3 ko 5? Wata nawa asusun ajiya zai riƙe mu in babbar gidauniya ta janye? Mutanen gari nawa, ko da dala 10 ce a wata, suke ba da nasu?

Ta ƙarshen nan ana raina ta, don kuɗinta kaɗan ne. Amma kakar da ke sa dala 10 a wata tana da bakin magana a taron shekara, kuma ba ta sake tsarin ba da tallafi don an yi sabon darekta a New York. Yaron da aka ɗauka bana yana ɗan shekara 5, sai ya kai 18 zai gama lise. Tsakanin nan da can akwai kasafin kuɗi 13 da za a rufe, zaɓen shugaban ƙasa 3 aƙalla, kuma da wuya wanda ya sa hannu a tallafin farko ya kasance a kujerarsa ranar da za a nemi na shida.