SHARHIN JARIDA: Taimakon Masu Nakasa A Legas, Waƙa A Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

A duk lokacin azumi da bukukuwan Sallah, motocin ƙungiyoyin agaji da gidauniyoyin masu hannu da shuni kan yi jerin gwano zuwa gidan masu nakasa na Okobaba da ke Ebute Metta a Legas. Sukan sauke buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, wani lokaci har da kekunan guragu, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a watse. Irin wannan rabo ake yi a unguwannin Hausawa na Agege da Idi-Araba, da kuma bakin Babban Masallacin Legas da ke daf da kasuwar Idumota, inda makafi da guragu daga Arewa kan taru ranar Juma'a. Babu mai raina wannan alheri, domin yana kashe yunwar kwanaki. Sai dai da wuya a ji ƙungiyar da ta zauna da waɗannan bayin Allah kafin ta tsara kasafinta na shekara, ta tambaye su abin da za a saya, da wanda za a fara bai wa, da wanda zai bi sawun kuɗin da aka tara da sunansu.

Matsayin wannan jarida shi ne, duk ƙungiyar da ke karɓar kuɗi da sunan masu nakasa, wajibi ne waɗanda take yi wa hidima su shiga cikin masu yanke shawararta, su samu ƙuri'a, su kuma samu ikon duba littafin kuɗinta. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da hadiman shugabanni da ke Abuja na da hanyoyin da za su sa hakan ya tabbata, tun da ta hannunsu rajista da tallafi da takardun yarjejeniya ke bi.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai mutanen ba su da tsari, don haka babu wanda za a yi magana da shi. Wannan magana ba ta da tushe. A Okobaba akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne da jama'arsa da muƙarrabansa. Tsari ne da Hausawa suka gada tun daga biranen Arewa irin su Kano, suka tafi da shi duk inda fatauci ya kai su. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya bayyana irin wannan shugabanci a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafin da ya wallafa a 1969. Waɗannan sarakuna su ke karɓar baƙo, su sasanta rikici, su tara gudunmawa idan wani ya kwanta ciwo, su tsaya a kan jana'iza idan an yi rasuwa. Sun san wanda ya zo jiya da wanda ya koma gida, sun san gidan da yara ba sa zuwa makaranta. Ƙungiyar da ta ɗauko ƙwararre daga nesa ta biya shi don ya ƙidaya mata mabuƙata, ta tsallake waɗannan mutane, ta bar jaki tana dukan taiki.

Illar rashin tambaya a bayyane take a kan keken guragu. Wanda ake turawa a cikin asibiti an ƙera shi ne don daɓe mai santsi. Idan aka kai shi lungunan Agege masu kwata da ramuka, ko cunkoson Idumota inda 'yan dako da masu baro ke gogayya, ba ya jimawa tayoyinsa suke lalacewa, kuma kayan gyaransa ba sa samuwa a kusa. Idan kuma bai dace da jikin mai shi ba, yakan haifar da gyambon zama wanda ke iya kai mutum ga halaka. Tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin raba irin waɗannan kekuna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ta ce a auna mutum, a duba yanayin wurin da yake zaune, a koya masa amfani da keken, a kuma riƙa bibiya. Duk waɗannan matakai suna farawa ne da tambayar mai hawa. Haka wanda kuturta ta taɓa: maganinta kyauta ne, kuma ana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, amma wanda jijiyoyin ƙafarsa suka riga suka mutu yana buƙatar takalmi na musamman da kayan wanke gyambo fiye da ƙarin buhun shinkafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da kan faru idan aka sakar wa masu nakasa ragama. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada ta daɗe tana ƙera keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda kowane mai walda da mai facin taya zai iya gyarawa. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan-inna ta shafa, ya jagoranci cibiyar Beautiful Gate da ta ƙera irin wannan keke ta raba a jihohi da dama. Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, shi ya ƙirƙiro wasan ƙwallon guragu a 1988, wasan da a yau ake gasarsa tsakanin jihohi. Bayan dambarwar dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, waɗanda cutar ta nakasa sun shiga cikin masu bin unguwa-unguwa suna lallashin iyaye, kuma maganarsu ta ratsa zukatan da takardun jami'ai suka kasa ratsawa, domin gani ya kori ji. A ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, kuma suna da kaso a wannan nasara.

Wannan gwagwarmaya ba a Najeriya ta fara ba. A 1980, a wani babban taron ƙungiyar ƙwararrun masu kula da nakasassu ta duniya da aka yi a birnin Winnipeg na Kanada, masu nakasa sun nemi a ba su rabin wakilci, aka ƙi. Sai suka ware, suka kafa tasu ƙungiyar ta duniya a Singafo a 1981. Daga irin wannan yunƙuri aka kai ga Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010. Sashe na 4 na yarjejeniyar ya wajabta wa gwamnatoci tuntuɓar masu nakasa ta hannun ƙungiyoyinsu a duk shawarar da ta shafe su. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2011, wadda ta haifar da ofishin LASODA. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ware masu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, kuma duka mutum biyun da suka riƙe ta, James Lalu da Ayuba Gufwan, masu nakasa ne.

Giɓin da ya rage yana ɓangaren ƙungiyoyi masu zaman kansu. Mutum zai iya zuwa Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya yi rajistar gidauniyar taimakon makafi da amintattu daga cikin iyalinsa da abokansa, babu makaho ko ɗaya, kuma babu dokar da ya karya. Zai iya tara kuɗi da hotunan mutanen Okobaba shekara da shekaru, su kuwa ba su taɓa jin adadin abin da ya shigo ba. Ƙungiyoyi da yawa na aiki tsakani da Allah, amma tsarin bai bambanta su da waɗanda suka mayar da nakasar wasu hanyar cin abinci ba.

Hausawa masu nakasa a Legas kuwa nasu ƙalubalen ninki biyu ne. Tarukan da ake tattauna makomarsu akan yi su da Turanci a otal-otal na Ikeja ko Victoria Island, alhali da yawansu Hausa kaɗai suke ji sosai. Jihohinsu na asali sun manta da su saboda ba sa gida, a Legas kuma ana yi masu kallon baƙi. Lokacin da hukuma ta fi tunawa da su shi ne lokacin kame, idan za a kwashe mabarata zuwa cibiyar Majidun da ke Ikorodu. Mazauna Abuja ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Unguwar masu nakasa ta Karonmajigi ba ta da nisa da manyan ofisoshin gwamnati, kuma a Oktoban 2024 Ministan Babban Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya ba da umarnin kwashe mabarata daga tituna. Bara ba sana'ar alfahari ba ce, kuma wannan jarida ba ta kare ta. Amma an sha hana ta a Kano da Legas da Abuja, tana dawowa, saboda ana tsara mafitar ne ba tare da waɗanda za su bi ta ba.

Akwai hujjoji biyu da masu adawa da wannan ra'ayi kan kawo, kuma sun cancanci amsa. Ta farko ita ce yawancin mutanen ba su yi karatun boko ba, ba za su gane kasafi ba. Amsa ita ce, wanda ke riƙe adashi da asusun jana'iza na jama'arsa ya san shiga da fitar kuɗi. Abin da yake buƙata shi ne a karanta masa lissafin da harshen da yake ji. Ta biyu ta fi nauyi: idan aka miƙa komai ga sarakuna, wani zai iya fifita danginsa da yaransa, a danne mata da matasa da kurame da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wannan gaskiya ne, kuma yana faruwa a kowane irin shugabanci. Shi ya sa ya kamata a girmama sarakunan a matsayin iyaye, sannan a ƙara da wakilan da jama'a suka zaɓa na wa'adi ƙayyadadde, a ware wa mata kasonsu, a kawo mai fassarar maganar hannu domin kurame, a bai wa iyayen yara masu lalurar ƙwaƙwalwa damar magana a madadinsu.

Don haka muna kira ga Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da ta fitar da ƙa'ida a rubuce, cewa ba za ta haɗa hannu da wata ƙungiya ba sai ta nuna masu cin gajiyar aikinta a cikin kwamitin amintattunta ko majalisar shawararta, da ƙuri'a cikakkiya. Ma'aikatar Jin Ƙai da sauran ma'aikatun da ke ba da tallafi su sanya wannan sharaɗi a takardun yarjejeniyarsu. Hukumar CAC ta ƙara tambaya ɗaya a takardar rahoton shekara da irin waɗannan ƙungiyoyi ke cikewa: mutum nawa ne masu nakasa a cikin amintattunku? Ƙungiyoyin da kansu su riƙa karanta lissafin kuɗinsu da Hausa da Yarbanci a gaban jama'a sau ɗaya a shekara, a wurin da mutanen ke zaune. Kuma a biya wakilai kuɗin mota da na yinin da suka rasa, domin mai neman abin kai wa baka a kullum ba zai iya zaman taro kyauta ba.

Hadiman 'yan majalisa da na ministoci su ma da nasu nauyin. Su ne ke rubuta jerin kayan da za a raba a ayyukan mazaɓu, kuma sau da yawa ɗan kwangila ne ke zaɓar irin keken da za a sayo. Kafin a sa hannu a takardar sayen kaya, a kira waɗanda za su hau keken su gwada shi a kan hanyar da suke bi. Ofisoshin jihohin Arewa da ke Legas su ma su buɗe ƙofa ga 'yan jihohinsu na Okobaba da Agege, su san adadinsu, su shigar da su cikin shirye-shiryen koyon sana'a da karatun yara. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, JONAPWD, ta faɗaɗa wakilcinta ya kai ga waɗanda ba sa jin Turanci.

Wa'adin shekara 5 da doka ta bayar ya cika tun Janairun 2024, amma har yau akwai ofisoshin gwamnati a Abuja da Legas da mai keke ba ya iya shiga sai an ɗauke shi. Da a ce masu hawa keken na cikin kwamitocin da ke amincewa da zanen gine-gine da kasafin ƙungiyoyi, da wuya a kai wannan lokaci ana jan ƙafa. Babban Sakatare ko darakta ko hadimin da takardar wata ƙungiyar taimakon masu nakasa ta zo teburinsa, ya tambaya ko su waye suka zauna aka rubuta ta. Idan babu mai nakasa a cikinsu, ya mayar da ita a sake zama.