Wasan da ke magana ta bakin tafinta

A fadojin samarin Damagaram, daga Birni har Zango, inda duk aka ɗora butar shayi za ka tarar da wani ya duƙufa kan waya yana buga ƙwallo. Da yawa daga cikin waɗannan wasannin ba don waya aka ƙera su ba. An yi su ne don ƙaramar na'urar PSP ta kamfanin Sony, kuma abin da ke sa su tashi a wayar Android shi ne manhajar PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012. Masu manyan wayoyi kuwa suna iya sa manhajar Winlator su buɗe wasannin da aka rubuta don kwamfuta mai Windows. Ke nan gardamar da masu wasan kwamfuta suka shafe shekaru suna tafkawa a Turai da Amurka ta riga ta iso aljihun yaranmu, ko da ba su san sunanta ba.

Kowane wasa ana rubuta shi ne ya yi magana da wata babbar manhaja guda, wadda ke riƙe da ragamar na'ura: Windows, ko Linux, ko macOS, ko Android. In yana son zana hoto a allo, ko fitar da sauti, ko sanin maɓallin da aka latsa, ita yake roƙo, kuma da harshenta. Mai son kai wasan wata na'ura yana da hanya biyu, kuma a kansu ake gardamar. Ko ya zauna ya gyara rubutun wasan har ya iya harshen sabon wurin, ya zama ɗan gida. Ko ya bar shi yadda yake, ya sa masa tafinta a tsakani, wato wata manhaja da ke karɓar kowace buƙata tana juya ta nan take. Mafi shaharar tafintan nan ita ce Wine, wadda aka fara a 1993 don manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux.

A watan Mayun 2010 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Wolfire Games, ya tattara wasannin ƙananan masu ƙira, waɗanda ba su da wani babban kamfani a bayansu, ya ɗaure su dami guda da sunan Humble Indie Bundle. A ciki akwai World of Goo da Aquaria da Gish da Lugaru da Penumbra: Overture. Sharuɗɗan cinikin ne suka ja hankalin duniya: ka biya abin da ka ga dama, ba a kulle wasan da makullin da zai tilasta maka shiga intanet, kuma kowane wasa zai yi aiki a Windows da Mac da Linux. An tara sama da dalar Amurka miliyan 1, kuma masu Linux, da ake wa kallon ƴan tsiraru, su ne suka fi kowa sakin hannu idan aka auna abin da mutum ɗaya ya biya.

Shekara biyu bayan haka, a ƙarshen Mayun 2012, dami na biyar ya fito da Bastion da Psychonauts da Amnesia da Limbo, ya tara sama da dalar Amurka miliyan 5. Amma da masu Linux suka buɗe Limbo, wasan kamfanin Playdead na Danmak, sai suka tarar da na Windows ne aka naɗe cikin Wine, aikin kamfanin CodeWeavers. Rai ya ɓaci, har aka tara sa hannu ana ƙorafi. Ba ƙin wasan suka yi ba. Cewa suka yi sun biya kuɗi don a gina musu nasu, an kawo musu na maƙwabci da tafinta a gefe. Sai a 2014 Ryan Gordon, gwanin wannan sana'a, ya kammala Limbo ɗan gida na Linux.

Adalci ya wajaba ga tafinta, don ya yi aikin da ba wanda ya zata. A watan Agustan 2018 kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya fito da Proton, wanda aka gina a kan Wine tare da taimakon CodeWeavers ɗin nan da aka yi wa caa. A 2022 Valve ya fara sayar da na'urar hannu ta Steam Deck, wadda Linux ke cikinta, kuma dubban wasannin Windows suna gudu a kanta ta bakin Proton. A ɗaya ɓangaren kuma, zama ɗan gida bai hana wasa mutuwa ba. Da Apple ya fitar da macOS Catalina a 2019 ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu tsarin 32-bit, tarin wasannin da aka gina musamman don Mac suka ƙi tashi. A 2020 masu wasan Rocket League suka janye hannu daga na Mac da na Linux. Wasan da aka gina aka watsar ba tare da mai kula ba, wani lokaci na Windows ta bakin Proton ya fi shi lafiya. Wanda ya ce tafinta ba shi da amfani bai faɗi gaskiya ba.

Amma waɗanda suka yanke hukunci cewa gardama ta ƙare, tafinta ya yi nasara, da sababbin na'urori a gabansu suke magana. Tafinta yana da ladansa, kuma daga ƙarfin na'ura yake ɗiba. Mai kwamfuta ta bana ba zai ji ba. Mai kwamfutar da ta yi shekara goma a wani ofis a Turai kafin ta iso hannunsa ta Kano, shi zai ji a jikinsa. Saurin da ake yabon Proton da shi ya dogara ne sosai ga wani sashe mai suna DXVK, wanda ke juya umarnin zanen hoto na Windows zuwa tsarin Vulkan. Tun daga fitowar DXVK 2.0 a 2022, sai na'urar da ta iya Vulkan 1.3 yake yi wa aiki. Tsofaffin kwamfutocin cinya da yawa ba su kai nan ba, sai a koma da su tsohuwar hanya ta OpenGL, wasa ya riƙa tsinkewa ko ya ƙi buɗewa sam.

A waya abin ya fi haka nauyi. Ƙwaƙwalwar waya irin ta ARM ce, ta kwamfutar Windows kuwa x86, don haka Winlator tafinta biyu yake jerawa: Box64 ya juya harshen ƙwaƙwalwar, Wine ya juya na Windows. Kowane juyi wuta yake ci, zafi yake haifarwa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, waya tana gasuwa a hannu, ta rage gudu don ta tsira, batiri ya tsufa kafin lokacinsa. Ga wutar kamfanin NIGELEC da ba a da tabbas a kanta, musamman a yankinmu da ya daɗe yana dogaro da layin da ke zuwa daga Katsina, wanda muka ga yadda ya kasance da Najeriya ta katse shi a Agustan 2023. Ga kuɗin data, don tafinta kansa sai an sauke ɗaruruwan megabait kafin a zo kan wasan. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wannan yoyon ba ya cikin lissafin masu gardamar can.

Maganar za ta ƙara matso mu. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da aka saba, kuma Windows 11 ba ya karɓar tsofaffin na'urori da ba su cika sharuɗɗansa ba. Irin waɗannan kwamfutocin su ne a shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta da hannun ɗalibanmu. Hanya mafi sauƙi ta tsawaita ransu ita ce Linux. Wanda ya koma can zai gane da kansa bambancin manhajar da aka gina masa da wadda aka ara masa.

Akwai wata asarar da ba a gani a allo. A 2021 kamfanin Feral Interactive na Landan, wanda ya yi suna wajen mayar da manyan wasanni ƴan gida a Linux, ya bayyana cewa ba zai ci gaba da aikin A Total War Saga: Troy na Linux ba, ya ce buƙatar irin wannan aiki ta ragu tun zuwan Proton. Idan kowa ya rubuta don Windows kaɗai ya bar sauran ga tafinta, to kamfani ɗaya ne ke tsara harshen da duniya za ta bi, sauran su yi ta gudu a bayansa. Sannan ranar da wasa ya lalace, mai saye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba: mai wasan zai ce shi don Windows ya yi, mai tafinta zai ce ba shi ya sayar ba.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Tsofaffin wasannin da masu su suka watse ko suka mutu, a bar tafinta ya raya su, kuma a gode masa. Wanda ya sayar da wasa a naɗe cikin tafinta, wajibi ne ya faɗa tun kafin a biya, ya kuma ɗauki nauyin gyara, don fushin 2012 na amana ne kafin ya zama na fasaha. Sabon wasa kuwa, musamman wanda ɗanmu zai ƙera, a gina shi ɗan gida don na'urar da ke hannun mutanenmu: waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda za ta buɗe shi ba intanet, ba tare da ta cinye datar mako guda ba.

Wannan ba abu ne da ya fi ƙarfinmu ba. Godot, manhajar gina wasanni da ƴan Ajantina biyu suka fara, aka sake ta kyauta ga kowa a 2014, tana fitar da wasa guda don Android da Linux da Windows. A Yawunde, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya kai wasan Aurion kasuwar Steam a 2016, ya nuna cewa labarin Afirka yana saiduwa. Mu ma muna da dara, muna da langa, muna da kokawar da duk ƙasa ke tsayawa cak a lokacin gasar takobi. Kuma garin nan ya san darajar ƙira ta gida: a ƙarni na 19 Sarki Tanimu bai tsaya ga bindigogin da ayari ke kawowa daga Tarabulus ba, ya sa maƙeransa suka zuba igwa a nan Damagaram. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu mafi ɗorewa da damin farko na 2010 ya bari ba kuɗin ba ne. Da cinikin ya haura miliyan, masu Aquaria da Gish da Lugaru da Penumbra suka saki tushen rubutun wasanninsu, don duk mai iyawa ya karanta, ya gyara, ya kai su na'urar da ba su taɓa tunani ba. Wannan shi ne maganin mutuwar ɗan gida, kuma shi ne littafin karatu ga mai koyo. Ina kira ga malaman kwamfuta na Jami'ar André Salifou da na makarantun horo na cikin gari su ɗora wa ɗalibai irin wannan aiki: su ɗauki wasa mai buɗaɗɗen tushe, su gina shi ya tashi a waya mafi araha da ake sayarwa a Kasuwar Dole. Ɗalibin da ya iya wannan ya iya gina manhajar asibiti da ta makaranta da ta ɗan kasuwa, wadda za ta yi aiki a na'urar da talaka ke da ita yau.