Ajamin Da Ke Kan Naira



Duk ɗan kasuwar da ke ƙirga kuɗi ya san takardar naira dubu, da ta ɗari biyar, da ta ɗari biyu, suna ɗauke da rubutun ajami. Abin da aka rubuta kuwa ba aya ba ce, ba hadisi ba ne, ba ma Larabci ba ne. Hausa ce zalla, watau naira dubu, naira ɗari biyar. Tun zamanin fam da sule ake yin haka, domin mai goro da mai shanu waɗanda ba su yi boko ba su san abin da aka miƙa musu.

A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire shi daga takardun naira 5, 10, 20 da 50. A 2014 aka fid da sabuwar naira ɗari, ita ma babu shi. Sa'an nan a 2020 wani lauya a Ikko ya kai ƙara, wai rubutun ya saɓa wa tsarin mulki na 1999, tun da yake sashe na 10 ya hana Gwamnati ta ɗauki wani addini ya zama na ƙasa. Kotu ta kori ƙarar a 2024.

Lauyan ya ga haruffa ne, ya ce addini. Alhali kuwa Kiristocin Masar da waɗannan haruffa suke karanta Linjila, ba kuwa wanda ya ce sun musulunta. Sashe na 10 hannun Gwamnati ya ɗaure, bai ce a kankare duk abin da Musulmi ya taɓa ba. Sashe na 38 kuma ya ba kowa ikon ya yi addininsa, a ɓoye ko a sarari.

Amma fa masu kare rubutun su ma akwai gyara gare su. Waɗansu sun ɗauka in aka cire ajami daga naira, an cire Musulunci daga ƙasa ke nan. Wannan kuskuren lauyan ne aka juya bayansa. Takardar nan da ita ake biyan riba, da ita ake cin hanci, ita ake liƙa wa makaɗi a goshi, haruffan kuwa ba su taɓa riƙe hannun kowa ba. Hujjar barin ajami ita ce haƙƙin ɗimbin jama'ar da a allo suka yi karatu, wannan hujja kuwa ta isa.

Shi addini, ko inda hukuma ta tsaya masa, akwai iyakar da idonta ba ya wucewa. Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi. Duk da haka alƙali ba ya zama a rumfa sa'ad da ake dukan gindin mudu ya lotsa, ko ake jera tumatir masu kyau a bisa, ruɓaɓɓu a ƙasan kwando. Sura guda ta sauka a kan masu tauye awo, almajiri kuwa tun a izifin Amma yake haddace ta. Lalle mai awo ba zai ce bai ji ba.

Haka nan zakka. In shekara ta kewayo, dukiyar ciniki ta kai nisabi, ba wani ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da zai zo ya nemi naira 25 daga kowace dubu. Mai kaya ne zai zauna da littafinsa bayan an tashi kasuwa, ya lasafta abin da ke rumfa da abin da yake bin mutane, ya ware rabon mabukata.