Ƙafa na gudu, ina za a kai zuciya?

Duk wanda ya san Yamai a watan Afrilu da Mayu ya san dalilin da ya sa gidajen motsa jiki ke ƙaruwa. Zafi kan haura digiri 40, da hunturu kuma hazo ya cika maka hanci tun kafin ka kai Gadar Kennedy. Masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché da asuba suna nan, Allah ya ƙara musu ƙarfi, amma ma'aikacin da likita ya ce masa hawan jini ya kama shi, kuma ba shi da lokaci sai bayan tashi daga aiki, dole ya hau na'urar nan ta gudu a wuri ɗaya, wadda muke kira tapi.

Kukan da nake ji daga abokan aiki iri ɗaya ne. Ba ƙafa ke gajiya ba, zuciya ce. Minti 10 a kan tapi ya fi awa guda a kan hanya tsawo. Mutum ya biya kuɗin wata, ya je sau huɗu, ya daina. Ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Wanda gundura ta kora a mako na biyu, shawarar likita ta tashi a banza ke nan.

Gundurar ma tana da asali. A shekarar 1818 wani injiniya a Ingila, William Cubitt, ya ƙera kakar wannan na'ura domin gidajen kaso. Fursunoni ke taka ta na sa'o'i, kuma rashin zuwa ko'ina yana cikin azabar. Yau mu ke biyan kuɗi a ba mu izinin hawa. Duniya ke nan.

Maganin da kowa ya runguma shi ne salula. A jingina ta a gaba, a buɗe TikTok ko fim ɗin Kano, ko a shiga amsa saƙonnin WhatsApp ana haki. Ni dai ban yarda da wannan ba. Wanda ya duƙar da kai yana kallon allo ya karya tsayuwarsa, wuya ya ƙage, taku ya rikice. Kuma a garinmu wuta kan ɗauke ba sallama. Idan bel ya tsaya kwatsam, wanda hankalinsa ke jikinsa zai dafa ƙarfe, wanda ke tsakiyar rigimar kishiyoyi a fim sai dai a ce masa sannu. Abin da ya fi damuna shi ne, rabin awar nan ita kaɗai ce a yini da babu mai kiranka, babu ɗalibi a ƙofa, babu mai neman rance, sai kuma ka ɗauke ta ka miƙa wa hayaniyar da ka baro.

A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz, sun sa mutane tafiya a kan tapi suna fuskantar bango fari fat, suka gwada su da na zaune. Masu tafiyar sun fi kawo sababbin dabaru nesa ba kusa ba. Wato bangon da muke tsana bai hana tunani ba. Tafiya ce suka gwada, ba gudu mai tsanani ba, don haka kada a ɗora wa binciken kayan da bai ɗauka ba. Amma ga mafi yawanmu masu tumbi, abin da muke kira gudu ai sassarfa ce.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fanni. Gardin da ke tilawa yana kai da komowa a inuwa ya san hadda ta fi zama idan ƙafa na motsi. Mata a bakin turmi suna lugude da waƙa, manoma a gayya suna bin kiɗan ganga. Dukansu aikin da aka ba zuciya yana tafiya da takun jiki, bai janye ido daga tabarya ko fartanya ba. Wannan ne ma'aunina. Kiɗa a kunne, ko shirin rediyo irin na Studio Kalangou, ba laifi, tunda ido na sake. Amma abin da ya fi shi ne ka shigo da aikinka a ka.

Ina gaya wa ɗalibaina masu koyon malanta: ku ɗauki darasin gobe ku hau da shi. Minti 5 na farko, yaya zan buɗe? Wace tambaya zan jefa wa aji? Sai ka tuno yaron nan na bencin baya da ba ya magana, ka nemi misalin da zai fahimta, da goro ko da kuɗin cefane. Ka faɗi bayanin a hankali da bakinka. A nan ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin masana motsa jiki na cewa matsakaicin gudu shi ne wanda kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Idan jimla ta gagare ka ƙarasawa, ka rage sauri. Kuma malamin da ya kasa bayyana darasinsa babu takarda a hannu, gara ya gano haka a kan tapi da ya gano a gaban yara 70.

Wani zai ce, malam, mun zo hutawa ne ka sake ɗora mana aiki? Gaskiya ne, akwai ranar da kai ya cika. A irin wannan rana ka rufe agogon na'urar da tawul, don kallon lambobi ke miƙa lokaci, ka koma ƙidayar numfashi da taku. Tun 1977 William Morgan da Michael Pollock suka lura cewa gwanayen gudun dogon zango sun fi sauraren jikinsu, ƙananan ƴan gudu ne ke neman abin da zai mantar da su. Ga ɗan shekara 45 mai hawan jini, sauraren nan ya wuce ado: jiri, ko nauyi a ƙirji, ko ciwon da ke sauka hannun hagu, alamu ne na a danna jan maɓalli a sauka a nemi likita, kuma mai kallon fim shi ne na ƙarshe da zai ji su.