Kafin ka sauke tsarin saƙa na kyauta, fara yin lissafi

Ni ban iya riƙe ƙwarashi ba. Aikina rubuta manhaja ne, shi ma a YouTube na koye shi bayan na gama sakandare, da wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ba ya minti ashirin. Ƙanwata ce ta jawo ni cikin harkar saƙa. Tana saƙa hulunan jarirai da safa da ƙananan rigunan sanyi, kuma daga Nuwamba zuwa Janairu, idan hunturu ya kankama, wannan cinikin ne ke biya mata kuɗin makaranta da na data.

A sanyin bara wata mata ta turo mata hoton wani ɗan zaki da aka saƙa, gashin wuyansa luf-luf, idanunsa kamar zai yi magana. Ta ce irinsa take so za ta kai gidan suna, har ta ba da kafin alƙalami. Ƙanwata ta bi hoton har ta faɗa wani shafi da ya ce yana ba da tsarin saƙar kyauta. Maɓallin saukewa uku ta danna kafin ta samu na gaske, ɗaya daga ciki ma wata manhaja ya cusa mata a waya. Ta sayi dunƙulen ulu huɗu, ta kwana biyar tana bin umarnin layi-layi. Abin da ya fito ya fi kama da dankali mai kunne. Ta miƙo min wayar ta ce, "Yaya, duba min, ko dai Turancin ne ban gane ba?"

Turancinta lafiya lau yake. Lissafin takardar ne ya lalace. Zagaye na 4 ya ƙare da ƙulli 24. Zagaye na 5 ya ce a yi ƙulli uku, a ƙara biyu a cikin na huɗu, a maimaita sau 8, wai za a samu 30. To kowace maimaitawa tana cin ƙulli huɗu na zagayen baya, sau 8 ya zama 32, alhali 24 ne a ƙasa. Ko da a ce sun isa, abin da zai fito 40 ne. Babu hannun da ya taɓa saƙa wannan abin. Da na zuƙo hoton kuma, sai na ga zaren yana narkewa cikin juna a wajen kunnen, wasu ƙullayen ba su da mafari ba su da ƙarshe. Hoton da umarnin duk ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa su.

Daga ranar na fara kallon tsarin saƙa da idon sana'ata, kuma ra'ayina shi ne: tsarin saƙa firogiram ne, ya kamata a bi da shi yadda muke bi da duk wani abu da za mu ɗora wa waya. Wanda ya rubuta shi, an gwada shi ko ba a gwada ba, me yake samu da ya ba ka kyauta. Idan ba ka da amsar waɗannan, ajiye ƙwarashin tukuna.

Ba wasa nake yi ba da na ce firogiram ne. Ɗauki yadda ake fara kan 'yar tsana irin ta amigurumi, salon da ya fito daga Japan. Ana fara da ƙulli 6 a cikin zobe. Zagaye na biyu a ninka kowanne, ya zama 12. Na uku a yi ɗaya a ƙara, sau shida, 18. Sai 24, sai 30. Kowane zagaye ƙarin shida, shi ne ke sa faifan ya kwanta bai tattare ba. Duk wanda ya taɓa rubuta umarnin maimaitawa a Python zai gane wannan nan take. Lambar da ake sa wa a ƙarshen kowane layi kuwa ita ce ma'aunin tantancewa: idan ka ƙirga ba ta yi daidai ba, akwai kuskure a wani wuri. Bambancin kawai, ni idan na rubuta shirme, kwamfuta za ta faɗa min cikin daƙiƙa ɗaya, ban yi asarar komai ba. Mai saƙa kuwa da zarenta da barcinta take gwadawa.

Shi ya sa ChatGPT da 'yan uwansa ke iya yaudarar mutum a nan. Aikinsu shi ne su jero kalmomin da suka saba zuwa tare, don haka za su ba ka rubutu mai kama da tsarin saƙa sak, da gajerun kalmominsa da lambobinsa. Amma ba su saƙa ba, ba su ƙirga da hannu ba. Masu tsara saƙa na gaskiya sukan ba wasu mutane su gwada kafin su fitar, wasu har da mai duba lissafi suke ɗauka. Ina amfani da waɗannan manhajoji kullum a aikina, ba ƙinsu nake ba. Sai dai duk abin da suka rubuta min sai na kunna na gani kafin na yarda.

To ina za a je? Idan ni ne, Ravelry zan fara. Shafi ne na masu saƙa da aka buɗe a 2007, rajista kyauta ce, kuma wajen nema kana iya zaɓar saƙar ƙwarashi kaɗai, na kyauta kaɗai, har kaurin zare da wahalar aikin. Abin da ya fi burge ni shi ne a ƙarƙashin kowane tsari akwai hotunan waɗanda suka saƙa shi da bayanin abin da suka ci karo da shi. Za ka ga na ƙwararru, ka ga na wadda hularta ta karkace, ka ga wadda ta rubuta cewa layi kaza akwai kuskure. Tsarin da mutum ɗari uku suka saƙa suka ɗora hoto, da wuya ya ci maka zare a banza. Mu ma haka muke yi a GitHub, kafin ka ɗauki aikin wani sai ka leƙa ka ga mutum nawa ke amfani da shi, da irin ƙorafin da suke yi. Fuskar shafin ba ta da kyau sosai a ƙaramar waya, kuma galibinsa da Turanci ne, wannan gaskiya ne. Amma ya fi zama a Pinterest kana bin hoto daga wannan shafi zuwa wancan. Pinterest wurin ganin abin sha'awa ne, kuma hotunan bogi sun yi masa yawa har a 2025 kamfanin ya fara liƙa wa wasu alamar cewa na'ura ce ta haɗa su ko ta taɓa su.

Sai shafukan kamfanonin zare. DROPS Design na ƙasar Norway yana da dubban tsare-tsare kyauta cikin harsuna da yawa, galibi da zane. Akwai Yarnspirations, inda ake samun na zaren Red Heart da Bernat da Caron, akwai Lion Brand na Amurka. Waɗannan ba sadaka suke yi ba, zare suke sayarwa, tsarin kuwa talla ne. Ni wannan ya kwantar min da hankali, domin na san inda ribarsu take, kuma idan tsarin ya ɓaci sunansu ne ya ɓaci. Haka masu tsarawa ɗaiɗaiku da ke sa umarnin a shafinsu cike da tallace-tallace, sannan su sayar da PDF mara talla a kan 'yan daloli. Tallan yana da ban haushi, yana cin data, amma ciniki ne a fili. Wanda nake gudu shi ne shafin da ba sunan kowa, ba hoton aikin a hannun mutum, sai maɓallai kore-kore guda biyar kowanne na cewa danna ni.

Ga masu son tsofaffin salo irin na leshi da shimfiɗar tebur, akwai Antique Pattern Library, mai tara tsofaffin littattafan ɗinki da saƙa da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Littafin Thérèse de Dillmont na 1886 ma yana nan kyauta a Project Gutenberg. Sai dai yaren saƙarsu na da ne, sai an yi haƙuri.

Ko tsarin gaskiya ne, akwai tarko biyu da ke sa mutum ya zargi kansa a banza. Na farko, Amurka da Ingila suna kiran ƙulli daban da suna ɗaya. Abin da Ba'amurkiya ke rubutawa sc, 'yar Ingila dc take rubuta shi. Shi kuma dc na Amurka, tr ne a Ingila. Idan ka ɗauki umarnin Ingila ka karanta shi da ma'anar Amurka, hular jariri za ta fito da tsayin da zai rufe masa fuska. Dabarar mai sauƙi ce: idan ka ga sc a ko'ina cikin takardar, ta Amurka ce, domin Ingila ba su da shi. Kada ka dogara da Google Translate a nan. Yana jin Hausa tun 2013, amma waɗannan gajerun haruffan ba su da ma'ana a wurinsa.

Na biyu shi ne zare. Tsarin zai ce a yi amfani da zare mai lamba 4 da ƙwarashi mai milimita 5, wanda Amurkawa ke kira H-8. Lambobin kaurin zare daga 0 zuwa 7 suke. Ulun da ƙanwata ke saya a kasuwa sau da yawa ba ya zuwa da wannan lambar, kuma ya fi siriri, har takan haɗa biyu. Maganin yana cikin takardar, a wurin da kowa ke tsallakewa: inda aka ce ƙulli kaza da layi kaza su ba da santimita 10. Saƙa wannan ɗan yankin, auna da rula, canja ƙwarashi har ya yi daidai. Minti ashirin ne. Ita dai har yanzu sai na yi mata tsiya take yi.

Yanzu maganar da na san za ta ɓata wa wasu rai: guruf-guruf na Telegram da WhatsApp da ake raba PDF na sayarwa a kyauta. Na san hujjar. Dala biyar ba ƙaramin kuɗi ba ne a yau, kuma kusan shekara uku katunan naira na bankuna da yawa ba sa sayayya a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. A lokacin, ko kana da niyyar biya, hanya ba ta nan. Ni kaina da manhajojin da aka fasa na fara koyon aiki, ba zan yi wa kowa wa'azi ba. Amma tun da na kwana uku a kan aikin wani ya karɓa ya ƙi biya, na daina ganin abin a matsayin wayo. Mai wannan PDF ɗin galibi mace ce guda a ɗakinta, ba wani katafaren kamfani ba. Kuma a wannan fannin uzurin ya yi rauni, domin na halal na kyauta sun fi ƙarfin abin da mutum zai saƙa a rayuwarsa. Ga kuma haɗari: a irin waɗannan guruf ɗin ne za ka ga fayil mai sunan tsarin saƙa amma ƙarshensa apk. Wannan manhaja ce. Tsarin saƙa ba ya buƙatar a girka shi, ba ya neman izinin karanta saƙonninka ko lambobin wayarka. A wayar da lambar sirrin banki ke shigowa ta SMS, wannan ganganci ne. Wadda ta shiga wayar ƙanwata tallace-tallace kawai ta riƙa watsowa, mun yi sa'a, na cire ta na kunna Play Protect.

Idan kuma sayarwa za ka yi, karanta 'yan layukan da ke ƙarshen takardar. Da yawa sun yarda ka sayar da abin da ka saƙa da hannunka, wasu suna neman ka ambaci sunansu, amma kusan duka sun hana a kwafe umarnin a raba.

Saura data. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, bidiyon awa guda ya zama abin da ake tunani kafin a kunna. Yawancin masu saƙa da na sani da bidiyo kaɗai suke aiki, su tsayar, su mayar baya, su sake kallo. Bidiyo yana da amfaninsa, babu abin da ya kai shi nuna yadda hannu ke juya zare. Kalle shi sau ɗaya ka koyi ƙullin. Bayan nan rubutaccen tsari ya fi araha nesa ba kusa ba, domin 'yan megabayit ne, bidiyon kuwa ɗaruruwa. Gajerun kalmomin da ake buƙata ba su wuce goma sha ba: ch, sc, hdc, dc, sl st, inc, dec da 'yan kaɗan. Idan ka samu shafin da ka yarda da shi, a Chrome shiga wurin rabawa, zaɓi bugawa, ka ajiye shi a matsayin PDF don amfanin kanka. Ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, yana nan.

Bidiyon koyar da saƙa da Hausa suna nan a YouTube da TikTok, wasu ma masu kyau ƙwarai. Rubutaccen tsari da Hausa, mai lambobi a ƙarshen layi, shi ne na nema na gaji. Don haka muka zauna da ƙanwata muna rubuta na hular jaririn da ta fi sayarwa, ita tana saƙawa tana faɗa, ni ina bugawa, da niyyar mu sake shi da lasisin Creative Commons kowa ya ɗauka. Ƙari da ragi ba su ba mu wahala ba. Sunan zoben farawa ne muka yi ta gardama a kai, ita ta ce zarge, ni na ce zobe, har yanzu ba mu daidaita ba. Mun ba ƙawayenta biyu su gwada kafin mu fitar. Jiya ɗaya ta turo saƙon murya cewa zagaye na 7 bai tashi daidai ba. Na duba, ni ne na buga 48 a inda ya kamata ya zama 42.