BAYAN DASHEN ƁARGO, DA SAURAN AIKI

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk lokacin da aka ce wani mai sankarar jini ya sami dashen ɓargo an sallame shi daga asibiti, sai mu yi ta barka da arziki kamar magana ta ƙare. Ni kuwa a ganina ranar sallama ita ce mafarin aiki, kuma zan faɗi dalilina.

Tun 1957 Dokta Donnall Thomas na Amurka ya fara ba da rahoton ɗura wa marasa lafiya ɓargon wani, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1990. Da farko akan kashe ɓargon mai ciwon da magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi da haske, sa'an nan a ɗura masa ƙwayoyin asali na mai ba da gudummawa, watau waɗanda ke haifar da dukan ƙwayoyin jini. Cikin mako biyu zuwa huɗu wasu fararen ƙwayoyin jini sukan dawo. Amma akwai wani jinsi da ake kira ƙwayoyin T, su ne 'yan sintirin jiki, kuma dawowarsu takan ci watanni, har shekara ɗaya ko biyu.

Kowace ƙwayar T tana ɗauke da alama guda wadda take gane maƙiyi guda da ita. Jikin mai lafiya yana da irin waɗannan alamomi miliyoyi daban-daban, shi ya sa da wuya wata cuta ta shigo ba a sami mai gane ta ba. Makarantar da ake horar da su kuwa wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, wadda Jacques Miller ya gano amfaninta a 1961.

Bayan dashe, ƙwayoyin T sukan dawo ta hanya biyu. Ta farko, 'yan tsirarun da suka shigo tare da dashen su yi ta hayayyafa. Adadi ya cika da wuri, amma iri kaɗan ne ke maimaita kansu, sau da yawa ma waɗanda ke yaƙi da ƙwayar cutar CMV su mamaye fili. Ta biyu, sababbi su fito daga taimos da alamomi iri-iri. Wannan ita ce mai amfani, ita ce kuma mai jinkiri, domin taimos yana ƙanƙancewa da tsufa, ga magunguna sun riga sun jigata shi. Saboda haka takardar gwaji tana iya nuna adadi ya yi kyau, alhali runduna ce mai dakaru dubu waɗanda fuskar maƙiyi biyar kaɗai suka sani.

Likitoci suna tsaka mai wuya a nan. Ƙwayoyin T na mai ba da gudummawa sukan far wa fata da hanta da hanjin mai ciwon, har da taimos ɗin kansa. In an tace su daga dashen, wannan ɓarna takan ragu, sai dai sankarar takan fi saurin dawowa, domin su ne kuma ke farautar ragowarta. Wani bincike da aka buga a 2013 daga asibitin sankara na Sloan Kettering a Niyok ya nuna cewa bayan wata shida, waɗanda aka yi wa dashe da jinin cibiyar jarirai sun kusa kai masu lafiya wajen yawan ire-iren ƙwayoyin T, su kuwa waɗanda aka tace wa dashe suna can baya nesa.

To, me ya shafe mu? A 2011 aka yi dashen irin waɗannan ƙwayoyi na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila. Mutanenmu kuma suna zuwa Indiya da Masar neman magani, su sayar da gona da gida, su dawo bayan 'yan watanni. Wanda ya dawo haka garkuwarsa tamkar ta jariri ce: rigakafin da aka yi masa yana yaro ya shafe, sai an sake daga farko, na ƙyanda ma sai an jira kimanin shekara biyu. Ga tarin fuka da ciwon hanta suna jiransa a gari.

Wani zai ce ƙasar da zazzaɓin sauro ke kashe yara ba ta da lokacin wannan zance. Ban ƙi ba, rigakafin yara shi ne kan gaba. Amma tun da iyalai sun riga suna kashe dukiyarsu a kan dashe, barin mai ciwon ya mutu da cutar da za a iya ganowa da wuri asara ce biyu.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya, kada su tsaya ga gina ɗakin dashe a yanka zare a watse. A tanadi ɗakunan gwaji masu iya bin sawun ƙwayoyin T da CMV, da asibitin duba waɗanda suka dawo, da tsarin sake yi musu rigakafi. Ku kuma masu karatun likita da kimiyya, ga fage nan yana jiranku. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, a yi mai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.