Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Duk wanda ya san ƙasar Yusufari ya san rairayi ke sarauta a can. Tun daga tuddan Tulo-Tulo har zuwa ƙauyukan da ke kan hanyar Gashuwa, ƙasar ba ta da riƙo. A irin wannan wuri ne ake zura mutum da igiya cikin rijiya gaba goma, wadda ba a ɗaure bangonta da siminti ba, wai ya ƙara mata zurfi. In ya leƙa ya ga gefe yana zubowa ya ce ba zai shiga ba, sai ɗan kwangila ya kira shi rago, ya hana shi kuɗin yininsa, ya kirawo wani. Mu kam muna tare da wannan lebura, domin haƙƙinsa ne ya ƙi.

Doka ma tana bayansa. A shekarar 1981 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 155, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1994. Sashe na 13 ya tanadi kariya ga ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da hujjar ganin akwai mummunan haɗari na nan take ga ransa ko lafiyarsa. Abin takaici, mahaƙin rijiya bai taɓa jin labarinta ba, haka ma ɗan dakon da ake ɗora wa buhunan kanwa a kasuwar Nguru.

Masu kwangila kan ce ai komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a gado yake sai ya tafi. To, me ya hana su shiga ramin da kansu? Ƙaddarar da ake ambato don a kauce wa sayen siminti da sabuwar igiya, sunanta rowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke ƙasan rami ya fi na bakinsa sanin lokacin da numfashi ya fara ɗaukewa.

Mun sani yunwa ke tura lebura, kuma muddin akwai wani a bayansa mai jiran ya karɓi aikin, ƙinsa ba zai yi tasiri ba. Saboda haka wajibi ne mahaƙa su haɗa kai: ramin da ɗaya ya ƙi, kowa ya ƙi shi. Ƙananan hukumomi su sa sharaɗi cikin kowace kwangilar rijiya cewa za a biya wanda ya janye kuɗin yininsa har a gyara wurin. Mu kuma da muka yi karatu, in mun koma gida hutu, mu fassara wa iyayenmu da ƙannenmu wannan doka. Ana iya haƙa wata rijiya baɗi, amma marayun da ta bari ba mai mayar musu da uba.